Majeman da ke cikin jikinmu

Kakana na wajen uwa majemi ne a nan cikin garin Sakkwato. Ina ƙarami, duk ranar da babu makaranta nakan bi shi wurin aiki, in sami gefe in zauna saboda wari, ina kallon yadda fatar jar akuya ke zuwa hannunsa ɗanya, da gashinta da guntattakin namanta, ta bar hannunsa bayan kwanaki tana laushi kamar ƙyalle. A jiƙa ta a ruwan toka gashi ya saki, a karce, a wanke, a tsoma ta cikin ruwan bagaruwa ta sha, a shafa mata mai, sannan a rina ta da karan dafi. Irin fatar nan ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko domin ta can take isa gare su. Ranar da na tambaye shi dalilin da fatarmu ta yi suna, cewa ya yi, "Abokina, akuya ta yi nata. Amma aje fatar haka nan ka gani, kwana ukku ta ruɓe. Aikin da anka yi mata bayan fiɗa shi ka sa ta yi kuɗi."

Maganar ta dawo mini shekaru bayan rasuwarsa, ina ɗalibi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ranar da aka fara koya mana abin da ke samun furotin bayan ƙwayar halitta ta gama ƙera shi. Ita ke dawo mini kuma duk sanda na ji ana hirar jinotayif. Tun da gwajin kafin aure ya shigo gari kalmar ta zauna a bakin kowa, kuma alheri ne, don sikila gaskiya a gado take: harafi guda ne ya sauya a umarnin da ke ƙera furotin ɗin jan jini, amino asid na shida ya zama wani. Sai dai mutane sun ɗauka kowane al'amarin jiki haka yake, duk abin da zai faru yana cikin DNA, wato kundin umarnin gadon da ke cikin kowace ƙwayar halitta, ita kuma karantawa kawai take yi. Masana kansu sun taɓa yin irin wannan zato. Kafin a kammala karanta DNA ɗin ɗan Adam a 2003, da yawansu sun sa ran samun umarnin gado har 100,000. Da aka ƙirga sai aka tarar masu ƙera furotin ba su wuce 20,000 da wani abu ba, kusan daidai da na wata tsutsar ƙasa da tsawonta bai fi milimita ɗaya ba. To ina bambancin ya fito? Babban ɓangare na amsar yana wurin jima.

Furotin kamar carbi yake, ana jera shi da duwatsu iri 20 da ake kira amino asid, sannan ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa, siffar ce kuma aikinsa. Inzayim shi ma furotin ne, amma ma'aikaci, wanda ke sa wani haɗin sinadari ya auku cikin ƙiftawar ido maimakon shekaru. Wasu inzayim abinci suke narkarwa, kamar na yawu da ke sa tuwo ya fara zaƙi in ka daɗe kana tauna shi. Waɗanda nake magana a kansu kuwa 'yan uwansu furotin suke yi wa aiki. Wani ya liƙa wa furotin ɗan ƙaramin sinadari a dutse na kaza, wani ya rataya masa sukari, wani ya yanke masa wutsiya, wani kuma aikinsa goge abin da na farko ya liƙa. An gano ire-iren wannan gyara ɗaruruwa. Da haka umarni guda ke haifar da furotin mai kamanni da yawa, yau yana aiki, an jima yana barci, gobe an kai shi juji.

Bari in fara da fatar kanta, tunda ita ta kawo mu. Abin da majemi ke jemewa furotin ne mai suna kolajin, kuma shi ya fi kowane furotin yawa a jikinmu, wajen kashi ɗaya cikin uku. Shi ne fata, shi ne jijiya, shi ne sassaƙen da ƙashi ke ginuwa a kai. Zare uku ne aka tufke kamar igiyar guga. Amma yadda ƙwayar halitta ta fara ƙera zaren, tufkar ba ta riƙewa: a gwaji an ga tana warwarewa tun a zafin digiri 24, alhali jikin mutum yana kan 37. Sai wani inzayim ya bi zaren, duk inda ya ga dutsen da ake kira furolin a gurbin da ya dace ya liƙa masa atam ɗin oksijin da haidurojin. Bayan wannan aiki tufkar kan jure har wajen digiri 39. Ratar ƙarama ce, amma a cikinta muke rayuwa.

Wannan inzayim ba ya aiki sai da sinadarin ƙarfe da bitamin C. Akuya hantarta na haɗa mata bitamin C da kanta. Mu umarnin yin hakan ya lalace a jikinmu, dole sai mun ci. In mutum ya yi watanni bai samu ba, sabon kolajin da yake yi rarrauna ne, dasashi ya riƙa zub da jini, haƙora su yi girgiɗi, tsohon tabo ya sake buɗewa. Cutar ta kashe ma'aikatan jiragen ruwan Turai masu yawan gaske kafin likitan sojan ruwan Ingila James Lind ya gwada lemo a kansu a 1747. Mu nan Allah ya hore mana gwaiba da tattasai da garin ɗiyan kuka da zogale, shi ya sa ba mu san ta sosai ba sai a wuraren da yunwa ko gudun hijira suka tsare mutane kan hatsi zalla.

Gyaran kolajin na dindindin ne, kamar jima, in an yi an yi. Akwai wani na dindindin ɗin da ya fi damuna, domin ina ganin jahilcinsa na cin rayukan jarirai a shiru.

Hanta ce ke ƙera furotin ɗin da ke sa jini ya daskare a bakin rauni. Huɗu daga cikinsu, waɗanda likitoci ke kira na 2 da na 7 da na 9 da na 10, in sun fito haka nan ba su da amfani. Sai wani inzayim ya ƙara musu wasu ƙananan ƙugiyoyi, goma zuwa sha biyu, a kan duwatsun da ke farkon carbin. Ƙugiyoyin ne ke kama kalsiyam, kalsiyam ɗin ya manna furotin a daidai inda jijiya ta fashe. Furotin ɗin da ba a yi wa ƙugiya ba yana nan cikin jini yana yawo, cikakke a ido, amma zai wuce ta gaban rauni bai tsaya ba. Inzayim ɗin nan da bitamin K yake aiki. Henrik Dam ɗan ƙasar Denmak ne ya fara lura da bitamin ɗin a 1929, da ya ga 'yan tsakin da ya hana wa abinci mai maiƙo suna zub da jini. Amma sai a 1974 Johan Stenflo a Suwidin ya gano ƙugiyoyin, wato an yi shekara 45 ana sanin bitamin na aiki ba a san yadda yake yi ba.

Yanzu dubi jariri. Bitamin K kaɗan ne ke ratsa mabiyiya ya isa gare shi. Nonon uwa, wanda babu abincin da ya kai shi, a wannan abu guda yana da ƙaranci. Bakteriyar hanji da ke taimaka wa babba ba su riga sun zauna a cikinsa ba. Saboda haka daga kwana na biyu zuwa na bakwai jininsa na cikin mafi raunin daskarewa. Mai karatu ya ƙirga da kansa: waɗanne kwanaki ne wanzami ke zuwa cire belu? Wace rana ake aski da tsaga? Al'adarmu ta ajiye aska daidai kan makon da jinin yaro bai shirya mata ba. Akwai kuma nau'in da ke zuwa a makare, tsakanin mako 2 zuwa 12, wanda sau da yawa cikin ƙwaƙwalwa jinin ke zuba, a wayi gari yaro na sanƙarewa a ce iska ce. Rigakafin duk wannan allura ɗaya ce a cinya ranar haihuwa, miligiram 1, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa kowane jariri. Mafi yawan haihuwa a ƙauyukanmu a gida ake yi, na sani. Amma wanda zai iya sayen ragon suna zai iya ɗaukar jariri zuwa ɗakin shan magani a ranar farko ya tambayi wannan allura da sunanta. Belu kuwa, ni ra'ayina a bar wa yaro abinsa.

Maganin warfarin, wanda ya fara fitowa a matsayin gubar ɓera a 1948 kafin a soma ba mutane shi a 1954, wannan hanya yake tarewa: yana hana jiki sabunta bitamin K, ƙugiyoyi su ragu, jini ya tsinke. Shi ya sa ake ce wa mai shan sa kada yau ya cika ciki da kwaɗon zogale ko miyar alayyafo sannan ya yi wata bai taɓa ganye ba. Dafin kububuwa kuma ta ɗaya gefen yake ɓarna. Yana ɗauke da inzayim da ke yanka furotin na 2, yankan da ke tashe shi aiki, sai jiki ya ƙarar da kayan daskarewarsa a banza. Dalilin ke nan da ma'aikacin asibiti ke zuba jinin wanda maciji ya sara a busasshiyar kwalba ya jira minti 20 ya ga ko zai kama.

Da a ce duk gyaran furotin na dindindin ne, da jiki ya zama gunki. Abin da ke sa shi amsa yunwa da tsoro da barci shi ne gyaran da ake sawa a cire, kuma sarkinsu wani ɗan sinadari ne mai suna fosfet.

Ɗauki mai azumi a watan Afrilu a Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, ya yi sahur tun kafin asuba. Duk sukarin da ke yawo cikin jinin babban mutum bai fi giram 4 zuwa 5 ba, cokalin shayi guda, alhali ƙwaƙwalwa kaɗai na cin wajen giram 120 a yini. Da wannan cokali zai dogara da bai kai hantsi ba. Abin da ke riƙe shi rumbu ne a hanta, sukari wajen giram 100 da aka ɗaure a dunƙule ana kiransa gilaikojin. Mai buɗe rumbun wani inzayim ne, fosforiles, kuma yana nan a hanta ko da yaushe, ko an ƙoshi ko ana yunwa. Ba sai an ƙera sabo ba, abin da zai ci lokaci. Yana zaune ne kawai a naɗe, hannunsa a ɗaure.

Da sukarin jini ya fara sauka, fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, sai ta saki homon, wato sinadarin kai saƙo ta cikin jini, mai suna gulukagon. Gulukagon ba ya shiga cikin ƙwayar hanta, a ƙofa yake sallama. Sallamar ta tada wani ɗan aike a ciki, ɗan aiken ya tada inzayim na farko, na farko ya liƙa wa na biyu fosfet, na biyu ya liƙa wa fosforiles. Duwatsun carbin fosforiles sun haura 800, amma a kan guda ɗaya tak ake liƙawa, na 14. Fosfet ƙarami ne ƙwarai, sai dai yana ɗauke da cajin lantarki, yana jan wasu sassan furotin yana ture wasu, har siffar duka ta juya. Hannu ya kwance, rumbu ya buɗe. Mutum zai ce me ya sa dogon layi haka, a aiki wannan ya aiki wancan? Domin kowane ɗaya a layin yana tada ɗaruruwan na ƙasa da shi, kamar yadda saƙon Sarkin Musulmi na ganin wata ke sauka ga hakimai, daga su zuwa masu unguwanni, kafin sa'a guda ya game ƙasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, a daidai wannan lokaci ana liƙa irin wannan fosfet ɗin a kan inzayim mai zuba sukari a rumbu, shi kuma sai ya tsaya cik. Alama iri ɗaya, ta tada mai ɗiba, ta kwantar da mai zubawa. Ma'anarta ba a jikinta take ba, tana ga wanda aka liƙa wa da kuma inda aka liƙa.

Magariba ta yi, ya ci dabino ya sha kunu. Yanzu insulin, wani homon na fankiriyas, ke sallama. Ƙofar da yake ƙwanƙwasawa ita kanta inzayim ce mai liƙa fosfet, ta fara liƙa wa kanta, sannan saƙo ya gangara har a tada mai gogewa, ya bi ya cire fosfet ɗin da aka sa da rana. Mai ɗiba ya koma barci, mai zubawa ya tashi, a tsoka kuma a fito da ƙofofin shigar sukari. Ciwon sukari irin na manya, wanda ya yi yawa a cikin garin nan yanzu, asalinsa a wannan layi yake: insulin na nan yana sallama, amma saƙon na raunana kafin ya kai ciki. Motsa jiki na buɗe waɗancan ƙofofin tsoka ta wata hanya da ba ta jiran insulin, shi ya sa tafiyar ƙafa bayan cin abinci magani ce ta haƙiƙa ga mai wannan ciwo.

Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan sa-da-cirewa a Jami'ar Washinton da ke Siyatil a Amurka, a 1955, suna aiki da fosforiles ɗin tsokar zomo. An daɗe ana ɗauka wata dabara ce ta rumbun sukari kaɗai. Sai a 1992 aka ba su kyautar Nobel, lokacin da ta bayyana cewa kusan babu aikin ƙwayar halitta da ba ya bi ta nan, daga rabuwarta gida biyu zuwa bugun zuciya zuwa ajiye abin da aka haddace. Masu liƙa fosfet ana ce musu kaines, wani ƙidaya da aka buga a 2002 ya sami 518 a jikin mutum. Masu gogewa, fosfates, sun kusa 200.

Duk makunnin da ake kunnawa a kashe yana iya maƙalewa, kuma cututtuka da dama maƙalewar ce.

Akwai sankarar jini mai tafiyar hawainiya, wadda mai ita kan zo da gajiya da rama da saifa ta kumbura ta cika ciki, abin da a wurinmu ake saurin jingina wa tsohon zazzaɓin cizon sauro. A 1960 masu bincike biyu a Filadelfiya suka ga wani guntun kuromosom, wato ɗaya daga cikin ƙunshin da DNA ke naɗe a ciki, a jinin masu cutar. A 1973 Janet Rowley ta nuna cewa kuromosom na 9 da na 22 ne suka yi musayar gutsure. A wurin haɗuwar, umarni biyu sun manne sun haifi kaines wanda ba shi da birki, dare da rana yana liƙa fosfet mai cewa "ku rabu, ku yawaita". Ba gadonta ake yi ba, a cikin ɓargon mutum guda take faruwa. Da aka san mai laifi sai aka ƙera ƙwayar magani, imatinib, wadda ke shiga ramin da kaines ɗin ke ɗaukar fosfet ta toshe. An amince da ita a Amurka a 2001. Cutar da a da ke kashewa cikin 'yan shekaru, yau mai shan maganinsa kullum yana iya yin tsawon rai kusan kamar kowa. A Najeriya asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya daɗe yana zama cibiyar ba da shi kyauta ƙarƙashin wani shirin tallafi, kuma duk wanda ya san nisan Sakkwato da Ife ya san abin da hakan ke nufi ga talaka. Maganin danne kaines ɗin yake yi, ba ya gyara kuromosom, don haka wanda ya ji sauƙi ya ajiye shi da kansa yana ba cutar damar dawowa, wani lokaci da sabuwar siffar da ƙwayar maganin ba ta kamawa. Magungunan da ke toshe kaines iri-iri yanzu sun haura 70.

Amma ba sai mun je ga sankara ba. Kowace damina muna jin amai da gudawa ya ɓulla a wata ƙaramar hukuma. Bakteriyar kwalara ba ta shiga jini, ba ta ma huda hanji. Dafi take saki, dafin kuma inzayim ne da ya iya sana'ar majemanmu. Yana shiga ƙwayar hanji ya liƙa wata alama a kan makunnin da ke tada ɗan aiken nan da na ambata a hanta, irinsa ne sak, sai makunnin ya maƙale a kunne. Kaines ya yi ta liƙa fosfet a kan wata ƙofar gishiri, ƙofa ta ƙi rufuwa, gishiri ya yi ta fita cikin hanji ruwa na bin sa. In ta yi tsanani babba na iya zubar da lita guda a sa'a. Duk ɓarnar da kayan aikin jikinmu aka yi ta.

Sanin haka ne ke fayyace dalilin da ruwan gishiri da sukari ke ceto. A jikin ƙwayar hanjin akwai wata ƙofa dabam da ke shigo da gishiri in ya zo tare da sukari, kuma dafin bai taɓa ta ba. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokali, ko ƙullin da ake bayarwa a asibiti: ana shigar da ruwa ta ƙofar baya yayin da ta gaba ke zuba. Shimfiɗar hanji kuma sabuntawa take yi cikin 'yan kwanaki, ƙwayoyin da aka yi wa alama su zube sababbi su maye. Aikin mai jinya shi ne ya riƙe mutum da rai har a yi wannan sauyi. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, likita Dilip Mahalanabis ya ga ruwan ƙarin da ake sawa ta jijiya ya ƙare, ya koma ba mutane wannan haɗi ta baki, mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Sukarin yana da ma'auni, in ya yi yawa gudawar yake ƙarawa, shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbinsa. Wanda ya galabaita har ba ya iya sha kuwa asibiti za a ruga da shi.

Mashaƙo, wanda ya ɓarke a Arewa tun ƙarshen 2022 ya fi tsanani a Kano, irin wannan alamar dafinsa ke liƙawa, amma a kan furotin ɗin da ke tura injin ƙera dukkan furotin. Injin ya tsaya, ƙwayar ta mutu. An nuna a gwaji cewa ɓurɓushin dafi guda ɗaya tak, mafi ƙanƙanta, ya isa kashe ƙwayar halitta, domin inzayim ba ya ƙarewa, yana gama da wannan ya wuce ga wancan. Maganin karya dafin yana kama wanda ke yawo a jini ne kawai, wanda ya riga ya shiga ƙwayoyin zuciya ya wuce hannu. Iyaye kan ga maƙogwaro ya washe su yi hamdala, bayan mako biyu zuciyar yaro ta gaza. Allurar rigakafin da ake yi a mako 6 da 10 da 14 tana koya wa jiki tare dafin tun a waje.

Akwai kuma alamar juji. Wani ɗan furotin ne mai duwatsu 76, yubikwitin, in aka jera huɗu ko fiye a jikin wani furotin, an yanke masa hukunci ke nan, sai a ja shi zuwa wata na'ura mai kamar ganga a niƙe. Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose sun sami Nobel a 2004 kan gano wannan. Inzayim masu zaɓen wanda za a yi wa alamar sun fi 600, kowanne da waɗanda yake sa wa ido. Ta nan ƙwayar cutar HPV ke jawo sankarar bakin mahaifa: tana sa ɗaya daga cikinsu ya riƙa yi wa p53 alamar juji, shi kuwa p53 mai gadi ne da ke hana lalatacciyar ƙwaya yaɗuwa. Rigakafinta ne Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023. Ta nan kuma jiki ke auna iska. Wani furotin ana ƙera shi ba fashi, in akwai oksijin sai ɗan uwan inzayim ɗin kolajin ya liƙa masa irin waccan alama a kan furolin, a niƙe shi cikin mintuna. In oksijin ya yi ƙaranci ba abin liƙawa, sai ya taru, ya sa ƙoda ta aika wa ɓargo a ƙara jini. Gano wannan ya ci Nobel ta 2019.

Zan koma ga takardar gwajin kafin aure, don akwai layi biyu a kanta da ake yawan cakuɗawa. Jinotayif maganar carbin kansa ce. Rukunin jini kuwa, A ko B ko O, maganar jima ce. Jajayen ƙwayoyin jini suna da rassan sukari a bayansu, a rataye jikin furotin da maiƙo. Mai rukunin A ya gaji inzayim da ke ɗora wani sukari a ƙarshen reshen, mai B nasa wani sukarin dabam yake ɗorawa, mai AB yana da duka biyun, mai O kuma nasa inzayim ɗin ba ya aiki, reshen haka yake tsayawa. Karl Landsteiner ya rarrabe rukunan a Biyana a 1901, ba a kai ga umarnin gadon da ke bayansu ba sai 1990. Ɗigon sukarin nan guda ya isa ya sa jiki ya yaƙi jinin da aka ƙara masa. Yana kuma da hannu a cututtukanmu: masu O sun fi samun sauƙi daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, amma kwalara ta fi yi musu mugun kamu.

Sukari kan manne wa furotin ko babu inzayim, kuma a nan ake ganin amfanin majemi. Inzayim yana zaɓen wuri da lokaci. Sukarin da ya yi yawa a jini kuwa duk inda ya samu yake kamawa, a furotin ɗin ido, a ƙoda, a bangon jijiya, babu mai gogewa, yana taurara su sannu a hankali. Yana kama furotin ɗin jan jini ma, kuma da yake jar ƙwayar jini na rayuwa wajen kwana 120, auna yawan wanda sukari ya kama na nuna yadda mutum ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ko da ya yi kaffa-kaffa da abinci ana gobe zuwa asibiti. Gwajin HbA1c ke nan, wanda Samuel Rahbar ya buɗe wa hanya a Tehran a 1968, kuma daga kashi 6.5 cikin ɗari ake cewa akwai ciwon sukari.

Lissafin ya ginu ne kan kwana 120 ɗin nan da kuma furotin ɗin jini irin na A. Mai SS ba shi da na A, ƙwayoyin jininsa kuma kwana 10 zuwa 20 suke yi su fashe, sukari bai samu lokacin taruwa ba, don haka gwajin ba ya faɗin gaskiyar halinsa. Mai AS, wanda kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu a ƙasar nan, wasu na'urorin suna auna nasa daidai, wasu suna kuskurewa, ya danganta da hanyar da suke bi. Haka wanda ya yi zubar jini ko aka ƙara masa jini kwanan nan. Duk wanda aka rubuta wa wannan gwaji ya faɗa wa likita jinotayif ɗinsa tun kafin a ɗebi jinin, in ya kasance SS ne ko SC a auna masa sukarin kai tsaye, da safe kafin ya karya da kuma bayan ya ci abinci.